Shekarar da Uwata Ta Kira Sunana

Ni 'yar fari ce, kuma a danginmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Yaran yanzu in na ba su labari sai su kwashe da dariya, wai ta yaya mace za ta haifi ɗa da cikinta sannan ta riƙa kau da kai in ta gan shi. To, haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi. In aka fara yabonsa a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Wadda ta fi iya wannan ita ake ce wa 'yar mutunci, uwata kuwa ta iya har ta wuce misali.

Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Ita na buɗe ido na gani, ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiranta, ba kuma wanda ya taɓa gyara mini. Tana aure a Funtua, sai biki ko rasuwa ke kawo ta ƙauye. In ta zo ta gaisa da kowa har da 'yan tsakin gida, ni kaɗai ce idonta ke tsallakewa. In dole ta kama sai ta ce "waccan" ko "yarinyar nan". Ba zan ce na sha wuya ba. Inna ta sangarta ni har maƙwabta suna tsegumi. Amma duk zuwan da Yaya za ta yi, sai na laɓe bayan rumbu ina kallon yadda take goya ƙannena, ina lissafin inda muka yi kama da ita.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin ina ganin ban fi shekara goma sha uku ba, aka aiko daga Funtua. Jaririn da Yaya ta haifa ya koma tun tana cikin wankan jego, ita kuma ta birkice. Ɗan aiken bai ce hauka ba, ba mai cewa hauka a kan nasa. Ya ce dai jikin ne ya motsa, ana zaton iska. Inna ta yi kuka ta so ta tafi, amma ƙafafunta sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa. Ta ɗaure mini 'yan tsummokarana ta ce, "Ke za ki tsaya a madadina. Ki kama bakinki, ki yi abin da aka sa ki."

Kawuna ya raka ni muka hau motar auduga, don lokacin cinikinta ne, motocin da ke bin hanyar Funtua duk ita suke ɗauka. Na zauna can ƙololuwa bisa buhuna ina riƙe da igiya. Gidan Baba, mahaifina, yana unguwar da ke kusa da gidan gurzar auduga, inda yake aikin lebura da rani, in damina ta faɗi ya koma gonarsa. Muka tarar ya tafi aiki. Yayarsa ce ke riƙe da gidan, wadda muke kira Gwaggo, wata doguwar mata mai faɗa da ta zo daga Tsiga tun da abin ya fara. Ƙannena biyu an riga an kai su wajen dangi, gidan shiru kamar an yi shara.

Na yi sallama na shiga da ƙunshina a ka. Yaya tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, kai ba ɗankwali, kitson ya tsufa ya cukurkuɗe. Ta rame har na yi shakkar ko ita ce. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi, har ya fita zaure.

Gwaggo ta saki muciyar da ke hannunta ta hau salati. Ta dubi kawuna ta ce, "Ka ji da kunnenka ko? Abin ya kai inda ya kai."

Ni kuwa na sandare a tsaye. Sunana ne, kullum ina jinsa a bakin mutane, amma ban taɓa jinsa da wannan muryar ba. Da ƙyar na ce, "Na'am, Yaya."

Ta ce, "Wace ce yayarki? Ni na haife ki. Zo nan in gan ki."

Na je. Ta sauke mini ƙunshin da kanta, ta kama fuskata da hannu biyu tana jujjuyawa, ta ce haƙorana irin nata ne. Kawuna ya sunkuyar da kai ya fice, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Kada wani ya ɗauka daɗi na tarar. Ciwon nan mugu ne, na gan shi da idona. Ba ta barci, ba ta barin wani ya yi. Wata rana ta wuni tana magana ba numfasawa, ta kama wannan ta saki ta kama wancan, wata rana kuma ko uffan, ta kafe bango da ido har la'asar. Ta ce an sa wani abu a randa, aka zubar da ruwan aka sake, ta ce an kuma sawa. Ta taɓa watsa wa Gwaggo koko da zafinsa. Kayan jaririn kuwa kullum sai ta wanke ta shanya, in sun bushe ta sake jiƙawa. Abinci ba ta karɓa daga hannun kowa sai nawa, shi ma sai na sa hannu mun ci tare. In ta damƙe wuyan hannuna takan wuni ba ta saki ba, ko bayan gida zan je sai na yi ta magiya. Akwai lokacin da shatin yatsunta bai bar hannuna ba.

Da can ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, an ce yara har layi suke a ƙofar gidan. Duk wannan ya mutu. Matan unguwa suka hana 'ya'yansu shigowa. Masu zuwa dubiya suka yi ta raguwa, waɗanda suka saura ma yawanci kallo ke kawo su, su tsaya nesa da ita suna "Allah ya sawwaƙe" suna ƙare mata kallo don su sami na kaiwa gaba. Har yau in na tuna wasu fuskoki raina ɓaci yake. Baba in an busa jiniyar tashi ya dawo da farin auduga a gashin kansa da girarsa, ya tsufa a tsaye. Abokan hirarsa da ke cin tuwo tare da shi a zaure sun watse ɗaya bayan ɗaya. Nakan kai masa akushi in tarar da shi shi kaɗai, in na dawo ɗauka bai ci rabi ba. Shi ma ba ya kama sunana, "'yar Inna" yake ce mini, kuma maganarmu ba ta wuce sannu da sannu.

An yi magani iyakar yi. An sha rubutu, an yi hayaƙi har idanuna suka koma ja, an kawo saiwoyi daga wurare da ban san sunansu ba. Wasu daga cikin dangi suka ce a sa mata mari a ƙafa kafin ta yi wa wani illa. Baba ya ce muddin yana numfashi ba mai ɗaure masa mata. A kan wannan ƙanensa ya daina shigowa gidan.

Cikin duk alamomin ciwon, wadda ta fi tsaya wa Gwaggo a rai ita ce sunana. Rashin barci, ta ce mai jego ma kan yi. Zubar da abinci, ta ce zafin rashi ne. Amma mace ta buɗe baki ta kira 'yar farinta a gaban surukai, wannan a wurinta shi ne fitar hankali na ainihi. Da shi take auna jikin. Duk wanda ya zo ya tambayi mai jiki sai ta ce, "Ina fa sauƙi, har yanzu tana kama sunan yarinyar." Su kuma su girgiza kai. Ina tsaye a wurin ake faɗa, ba mai duban inda nake.

Mutum ɗaya ce ba ta ga abin girgiza kai ba, wata Bayarabiya da ke haya a gidan da ke jikin namu, mai sayar da kwanuka da atamfa. Ita kaɗai ce ba ta fasa shigowa ba. Ran nan ta ji Gwaggo na wannan magana, ta riƙe haɓa ta ce da Hausarta mai gargada, "Mama, a garinmu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, kowa ya ji. Ku damu da ba ta barci mana." Gwaggo ta ce kowa da irin garinsu. Da matar ta fita ta ƙara da abin da ba zan maimaita ba.

Ranakun da jikin ya lafa su ne nawa. Takan zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai ta yi mini kitso, kitson ya fito a karkace. Ban taɓa kwancewa ba sai ya tsufa don kansa. A nan ta ba ni labarin haihuwata, abin da ba wanda ya taɓa ba ni. Ta ce ana tsakiyar yankan gero aka haife ni, gidan ba kowa sai ita da wata tsohuwa kurma. Ta ce na yi wuyar kama nono. Ta ce ranar da aka yaye ni Inna ta goya ni ta tafi, ita kuma tana daka, ba ta ko ɗago ba, har mata suna yaba ta. Da suka watse ta zagaya bayan ɗaki ta cusa zane a baki don kada a ji kukanta.

Ta ce, "Nonona ya yi ta zuba, na ɗaure shi da tsumma. Ba wanda ya tambaye ni." Can sai ta ce, "Shi ma jaririn nan haka suka ɗauke shi. Kin san inda suka kai shi?"

Na ce, "Allah ne ya karɓi abinsa."

Ta ce ƙarya nake, ta ture ni. Jim kaɗan kuma ta kira ni ta jawo ni jikinta.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke, Gwaggo ta shiga maƙwabta, na waiga ba Yaya. Na fita a guje ba mayafi. Aka ce an ga ta yi wajen tashar jirgi. Na tarar da ita bakin dandamali, ƙafa ba takalmi, tana bin matan da ke da goyo tana ɗaga musu zane tana leƙa fuskar jariransu. Mata na ihu, yara sun yi mata zobe suna tafi suna waƙa. Ina da zuciya tun ina ƙarama. Na ɗebi duwatsun bakin dogo na bi su da jifa, na sami wani a ƙeya, ban kuma yi nadama ba. Da ta hango ni sai ta ɗaga hannu ta ƙwala mini kira a tsakiyar mutane, ta ce musu, "Ga 'yata nan, ga ta fari nan, ku tambaye ta." Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka wani abu a ƙirjina ya yi sanyi, don ba a taɓa nuna ni a gaban jama'a aka ce 'yata ba. Na kama hannunta muka taho gida, tana tafe tana ba ni labarin wani abu daban.

Tun daga ranar na gane halin da nake ciki. In an idar da salla kowa na roƙon Allah ya ba ta lafiya, ni ma ina roƙo, kuma da gaske nake, don na ga yadda take wahala. Amma na san abin da lafiyar za ta zo da shi. Ina son ta warke, ina tsoron ta warke. Ba wanda zan gaya wa wannan. Inna tana nesa, Baba nasa ya ishe shi, Gwaggo kuwa da ta ji da ta ce ni ma a fara mini hayaƙi. Na riƙe abina ni kaɗai, ina tuƙa tuwo da shi, ina ɗebo ruwa da shi.

Abin tasha ya tsorata Baba. Ya sayar da tumakinsa ya sa ta a jirgi ya kai ta asibiti a Zariya, ni da shi muka riƙe ta. Aka yi mata allura aka ba mu ƙwayoyi. Da muka dawo sai barci, ta wuni tana yi, in ta tashi bakinta a bushe, tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Gwaggo ta ce rubutun ne ya fara aiki, Bayarabiya ta ce ƙwayar ce, Baba ya ce ko ma wanne ne Allah ya ƙara. Aka ci gaba da duka biyun.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Wajen faɗuwar ruwan farko ta nemi ɗankwali ta ɗaura. Ta fara tashi salla ba a tuna mata ba. Ran nan ta kwashe kayan jaririn daga igiya ta ninke ta ba Gwaggo ta ce a ba mai bukata, sannan ta yi kuka irin na mai hankali, mai hawaye, muka taya ta. Ta tambayi ina ƙannena suke. Sunana kuma ya fara nisa. Da can a wuni ba na iya ƙirga kiran, ya koma sai jefi-jefi, ya koma in ta fara sai ta haɗiye rabin. Ina lura da kowane ɗaya. Nakan ƙirƙiri aiki a bayan ɗaki in daɗe, ko za ta neme ni ta kira.

Wata azahar na zubo mana ɗanwake a kwano ɗaya kamar kullum, na ajiye a gabanta, na wanke hannu na zauna. Ta dubi kwanon, ta dubi gefe. Ta ce da Gwaggo a hankali, "A zuba wa yarinyar nan nata daban."

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta ce, "Me kika ce?"

Yaya ta sunkuyar da kai ta maimaita. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, tsohuwa da ita, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta aika a kira Baba daga gona. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, aka gaya masa, ya durƙusa nan tsakar gida ya yi sujada, ya ɗago gemunsa duk ƙasa da hawaye. Ban taɓa ganin farin ciki irin nasa ba, kuma ba na jin haushinsa. An dawo masa da matarsa. Ni dai na ɗauki kwanon da aka zuba mini na koma bakin murhu na ci.

Aka dawo da ƙannena. Gidan ya cika da hayaniya, ta wuni tana kiran sunayensu, wannan ya sauko daga turmi, waccan ta bar wuta. Mata suka dawo dubiya, har da waɗanda suka hana 'ya'yansu shigowa, kowace na cewa dama kullum tana cikin addu'arta.

Sau ɗaya na gwada. Mun rage mu biyu a ɗaki tana tsince gyaɗa, don ta ce za ta koma sana'arta. Na ce, "Yaya, kin tuna labarin da kika ba ni, na ranar da aka yaye ni?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "An gaya mini na yi ta sakin baki. Mai ciwo bai san abin da yake faɗa ba. A yafe mini."

Gafarata take nema don ta kira ni 'yarta. Na ce ba komai. Ta ci gaba da tsintar gyaɗarta. Ko ta tuna ko ba ta tuna ba, ban sani ba har yau. Ta yi tsawon rai bayan wannan, ciwon bai sake tashi ba, ta ga jikokina, ta kuma koma ga Allah ana yabon kunyarta.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Gwaggo ta ce a yi sadakar godiya. Aka jiƙa shinkafa aka soya waina mai yawa. Da yake ni ce babba a yaran gidan, kuma washegari kawuna zai zo ya mai da ni ƙauye, ni aka ɗora wa tiren. Gwaggo ta ce kowane gida in shiga in ce sadaka ce, mai jiki ta samu lafiya.

Haka na bi unguwar gida-gida, an yi yayyafi da safe, ƙasa na manne mini a ƙafa. In na faɗi saƙon sai a ce, "Kai, barka, barka! Ashe ta dawo daidai?" In ce ta dawo daidai. A ce, "An ce har ta daina abin nan?" In ce ta daina. Na faɗa har bakina ya saba, yana fita ba sai na yi tunani ba.

Can ƙarshen layi akwai gidan wata tsohuwa da idonta ya yi rauni, ban taɓa shiga ba. Na tarar da ita tana kaɗi a bakin ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da aka aiko ni. Ta yi hamdala, ta sa albarka, ta lalubo waina biyu. Sannan ta matso da fuskarta kusa da tawa tana ƙyafta ido.

Ta ce, "Na san 'ya'yanta biyu, suna wucewa ta nan. Ke kuma 'yar wa ce?"

Na buɗe baki. Tsohuwar tana jira, waina a hannunta.

Na ce, "Jinya na zo yi, Iya. An gama, gobe zan koma."

Ta ce Allah ya ba da lada. Na ɗora tirena a ka na fita, don da sauran gidaje a ɗaya layin.